Ɗorawar Inna a Teburin Yahudawa

Ni dai tun ina yarinya bakina ya fi ƙafata sauri. Inna takan ce ko hanyar da ban taɓa bi ba aka tambaya, ni ce ta farkon miƙa hannu in nuna. Wannan halin bai tsaya a ƙauyenmu ba, ya biyo ni har Dubai, kuma a farkon shekarar 2021 ya kusa sa ni cikin abin da zan daɗe ina cizon yatsa a kansa, a gidan wata tsohuwa da nake jinya.

Aikina ke nan, jinya. A Kano na yi karatun nas, na yi aikin asibiti wasu shekaru, sannan wani kamfani mai tura ma'aikatan jinya gidajen mutane ya ɗauke ni. Ina zaune a unguwar Deira, a wani filat da muke rabawa da wasu mata, kullum da safe in hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, in tsallaka ɗaya ɓangaren garin, inda dogayen gine-gine suke. Ranar da za a ba ni wannan gidan, matar ofis ta ce min mutanen Yahudawa ne, ko akwai damuwa? Na ce babu. Amma gaskiya na tsorata. Mu a wajenmu kalmar Bayahude ba ma jin ta sai a wa'azi ko a zagi, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba. Na tafi da addu'a a bakina. Abin da na tarar wata 'yar tsohuwa ce ƙanƙanuwa a kan kujera, an rufe mata ƙafafu da bargo, tana hararata ta saman tabarau.

"Ke ce sabuwar?" ta ce da Turanci. "Waccan korar ta na yi, don tana min magana kamar jaririya. Ke ma haka kike?"

Na ce, "Mama, ni ko jariran ma ba na lallashi."

Ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce to zauna. Daga ranar muka shirya. Ita mafaɗaciya, ni mafaɗaciya, sai muka zama ba mai jin tsoron wani.

Ɗanta ne ya kawo ta Dubai daga Turai bayan rasuwar mijinta. Shi dillalin duwatsu masu daraja ne, mutum mai sanyin magana, wanda furfura ta fara cin kansa amma a gaban uwarsa yake tsayawa kamar ɗan firamare. Gidansu bai ba ni wahala ba. Ba sa cin alade, naman da ba a yanka ba ba ya shiga musu kicin, sai dai tukwanen nama daban, na madara daban, har cokula. Sau ɗaya na haɗa su a wajen wanki na sha faɗa, ban sake ba. In lokacin salla ya yi, tsohuwar da kanta take nuna min agogo ta ce, tashi ki je, Ubangijinki yana jira.

Matsalar ita ce abinci. A ƙarshen shekarar da ta gabata korona ta kama ta, ta sha da ƙyar, amma cutar ta tafi da hancinta da harshenta. Ba ta jin ƙanshi, ba ta jin ɗanɗano. Ta ce komai aka sa mata a baki kamar tana tauna auduga. Da farko tana daurewa ta haɗiye, daga baya ta ce ta gaji da wahalar banza. Sai ruwa, sai shayi rabin kofi. Ina kallo zoben aurenta ya fara zamewa daga yatsa har sai da aka naɗa masa zare. Na yi faɗa, na yi dabara, na yi lallashin da na ce ba na yi, duk a banza. Likitan da ke zuwa duba ta ya kira ni da ɗanta gefe ya ce in ba ta fara ci ba nan kusa, za a kai ta asibiti a zura mata robar abinci ta hanci.

Ashe ta ji. Da muka rage mu biyu ta kama wuyan hannuna da 'yan yatsunta masu sanyi ta ce, "'Yata, haka aka yi wa mijina. Kar ki bari su sa min robar nan." Na ce mata to ki ci. Ta juya fuska bango. Ranar na koma gida zuciyata a cushe, don na san aikina, na san abin da robar take yi wa tsoho mai taurin kai irinta: wasu sukan warke, wasu kuma daga ranar suke sakin rai. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, ga haushinta kuma ina ji.

Ana nan, wata rana da hantsi ina shafa mata mai a ƙafa, sai ta tambayi ɗanta nawa ga wata, watansu na Yahudawa. Da ya faɗa mata, ta ce ashe sallar itatuwa ta matso. Na ɗago kai na ce sallar me? Ta ce Tu Bishbat suke kiranta, sabuwar shekarar itatuwa.

Na ce, "Ikon Allah. Mama, itatuwa ma har da sabuwar shekararsu?"

Ta ce ƙwarai kuwa. A tsakiyar sanyi, lokacin da bishiya take tsaye kamar matacciya, a ranar ne suke cewa ruwa ya fara motsi a cikinta. Ba azumi, ba a hana aiki. Ana dai jera 'ya'yan itatuwa a ci a gode wa Allah, musamman irin waɗanda ke fitowa a ƙasar kakanninsu, mai hali kuma ya dasa bishiya. Ƙasar da take nufi ita ce wadda muke ji kullum a labarai, inda Masallacin Ƙudus yake. Ina da abin da ke raina game da abin da ake yi a can, ita ma ta san ina da shi, don ta taɓa ganin fuskata ana labarai. Ba mu taɓa buɗe zancen ba. Abin da ta ba ni labari ranar ba na sojoji ba ne, na wani tela ne, mahaifinta.

Ta ce a wani gari mai sanyi na Turai ta tashi, inda ƙanƙara ke rufe ƙofa. A zamanin babu ɗan itacen da zai yi doguwar tafiya daga waccan ƙasa ya iso bai ruɓe ba, sai guda ɗaya, wani busasshe mai tauri da Larabawa ke ce wa harrub. Ranar sallar mahaifinta zai shigo da shi a naɗe cikin takarda a aljihun kwat, ya kakkarya ya rarraba wa yara, ya ce musu wannan daga gida ya zo. Shi kansa har ya mutu bai taɓa ganin gidan ba. Ta ce abin ba wani daɗi gare shi ba, kamar kana tauna katako mai ɗan zaƙi. Sannan ta ce, "Shi kaɗai nake jin zan iya sa wa a bakina."

Muka kalli juna ni da ɗanta. Tun da na zo gidan, wannan ne karon farko da ta ambaci wani abin ci da sha'awa. Bawan Allah bai zauna ba, ya zagaya kantuna. Garinsa ya samu, ya samu wani baƙin ruwansa a kwalba kamar maɗi, amma ita ɗan itacen take so sukutum da ɓawonsa, irin wanda ake karyawa. Washegari ya ce min zai sa a aiko masa daga waje, in ya yi oda yau zai iso kafin ranar. Ya miƙo min waya ya nuna min hoton.

Na duba. Dogon ɓawo, ruwan ƙasa, a bushe, yana reto a jikin reshe.

"Af!" na ce. "Wannan ai ɗorawa ce!"

Ya ce mene ne ɗorawa? Nan fa bakina ya samu fili. Na ce Yallaɓai kar ka wahalar da kanka, wannan abin a gindinsa aka haife ni, a gonarmu akwai bishiyarsa da mutum biyu ba sa iya rungumewa, mu da shi muka yi wayo. Na ce me za a yi da na kanti wanda ba a san shekarar da aka tsinke shi ba, bar min wannan, zan kawo mata na gida. Ya ce, "Kin tabbata shi ne?" Wallahi sai da na ji haushin tambayar. Na ce a ƙasarku yake zuwa muku a takarda, mu a kanmu yake faɗowa. Ya yi murmushi, ya mayar da wayar aljihu, bai yi odar ba.

Da yamma na kira Inna. Ƙauyenmu can bayan Rano yake, kuma ɗorawar da nake faɗa tata ce ita kaɗai. A wajenmu gona daban, bishiya daban. Da Baba ya rasu gonar ta faɗa rabon yayyena, amma ɗorawar tun yana raye ya ba Inna a gaban shaidu, don haka su su noma ƙasan, ita ta ci saman. Da kalwarta, wato 'ya'yan cikin, take yin daddawa, ɓawon ta jiƙa makuba a yi daɓe, garin kuma na yara ne. Ba lokacinta ba ne, sai bazara take nuna, amma na san Inna ba ta rasa dami ɗaya a rataye a rumbu.

Ta ce, "Ke kuma me za ki yi da ɗorawa a Dubai? Ko kwaɗayi ne ya tashi?"

Na ce mara lafiyata ce ba ta cin abinci. Ta tambaya 'yar ina ce. Na ce Bayahudiya ce. Inna ta sake jefo min tambaya.

"Tsohuwa ce?"

"Tukuf, Inna."

"Kuma ba ta ci?"

"Ba ta ci."

"To Allah ya ba ta lafiya. Wa zan ba ya kawo?"

Mai kawowa akwai. Wata Hajiya ce 'yar kasuwa daga Kano da ke zuwa sarin kaya, ita ce ke yi mana dakon kuka da yaji da daddawa in za ta taho. Yayana ya kai mata saƙon har gida. Sai dai tafiyarta ta yi ta ja da baya saboda gwajin korona, yau a ce gobe, gobe a ce jibi, ni kuma kullum ina ce wa tsohuwa harrub ɗinki yana hanya, ki sha shayin nan ki jira shi. Da wannan alkawarin na riƙa zura mata ɗan abin da ya samu. Har likita na roƙa ya dakata sai bayan sallar, ya yarda ba da son ransa ba. Hajiya ba ta sauka ba sai ana gobe salla.

Na same ta a ƙaramin otal ɗin da take sauka a Al Buteen, kusa da bakin ruwa. Ɗakin cike da kwalaye, waya a kunne tana faɗa da mutumin kago, mai tura mata kaya gida, a kan kwantena, tana haɗa Larabcin kasuwa da Hausa. "Yalla, habibi, halas, gobe zan zo da kaina!" Ta ajiye wayar ta jawo wani ƙunshi daga ƙasan akwati ta cilla min. Tsohon zanin Inna ne, na gane shi tun kafin in taɓa. Da na kwance, ƙanshin hayaƙin rumbunmu ya bugi fuskata, sai da na zauna a bakin gado.

Hajiya ta ce, "Nas, wai da gaske Yahudawa ma cin ɗorawa suke? Tabɗi. Duniya da faɗi."

Na buɗe hoton da ɗan tsohuwar ya turo min na nuna mata, ina taƙama. Ta sa tabarau ta ƙura ido, ta kalli ƙunshin, ta sake kallon hoton.

"Anya kuwa? Wannan ta hoton ai ta fi tamu faɗi. Ga ta kuma gajeriya, tana ƙyalli."

Na ce, "Haba Hajiya, tasu ce ta sha taki."

Ta ce, "To, ke kika sani. Amma kama da wane ba wane ba ne."

Na yi dariya na ɗauki kayana. Sai dai maganar ta maƙale min. Da safe a cikin metro, ƙunshin a cinyata, na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko: na buɗe waya na nemi hoton harrub a karye. Cikinsa ruwan ƙasa ne, a dunƙule, babu gari ko kaɗan. Ita kuwa ɗorawa kowa ya sani, in ka ɓare ta gari ne rawaya fal, har launin ma da sunanta muke kiransa. Bishiyar ma ba iri ɗaya ba ce. Na rufe wayar. Innalillahi. Na hana mutum ya yi odarsa, na sa tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu ta ɗora ranta a kan alkawarina, na sa likita ya jira, ga shi abin da na riƙo ba shi ba ne. In ta gani ta juya fuska bango, shi ke nan, roba ce, kuma da hannuna na jawo.

Har na yi tunanin in sauka a tasha ta gaba in jefa ƙunshin a shara in ce 'yan kwastan sun ƙwace. Na duba zanin Inna na ji ba zan iya ba. Na wuce da shi.

Na tarar an shirya tebur da farin ƙyalle. Ga dabino, ga ɓaure, ga zaitun, ga rumman an fasa shi jajir, ga inabi, ga burodin alkama. An bar faranti ɗaya babu komai a tsakiya. Tsohuwar ta sa an taje mata kai, ta sa wata shuɗiyar riga da ta yi mata yawa, an turo kujerarta gaban tebur. Tana ganina ta miƙo hannu biyu.

Na ce, "Mama, tsaya tukuna. Na yi kuskure. Ba harrub ba ne. Kama suka yi a hoto, ni kuma na cika baki. Ɗorawar garinmu ce kawai."

Ɗanta ya rufe ido ya dafe goshi. Da ya zage ni ma da ya fi min sauƙi. Na kwance zanin na zuba a farantin, dogaye sirara, wasu sun lanƙwashe, duk sun sha hayaƙi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tsohuwar ta ɗauki ɗaya. Ta jujjuya ta, ta gwada nauyinta a tafin hannu, ta karya. Garin rawaya ya zubo mata a kan shuɗiyar rigar. Ta kai hanci ta daɗe a haka.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Namu ba haka yake ƙanshi ba. Wannan hayaƙi yake yi, da wani abu kamar zuma da ta daɗe."

Na sunkuyar da kai ina jiran sauran. Sai kuma maganar ta dawo min. Hayaƙi? Zuma? Na ɗago da sauri.

"Mama, me kika ce? Kin ji ƙanshinta?"

Ta tsaya. Ta sake kai wa hanci, ta ja numfashi a hankali, idanunta suka buɗe. Ta ajiye ta ɗauki ɓarin rumman ta shinshina, ta ɗauki burodi ta shinshina. Ta ce wa ɗanta wata magana da yarensu. Ya durƙusa a gefen kujerarta ya kifa kai a hannunta. Mai yiwuwa hancin ya fara dawowa tun kwanaki, ba ta kula ba don ta daina kusantar abinci. Ni dai ban sani ba. Abin da na sani shi ne rumbun Inna ba ya jin kunyar hancin kowa.

Amma jin ƙanshi ba ci ba ne, kuma har yanzu ba ta sa komai a baki ba. Ta riƙe ɗorawar ta dube ni ta saman tabarau, irin kallon ranar farko.

"Bishiyar wa ce?"

Na ce ta mahaifiyata ce. Ta ce ba ni labarinta. Na tsaya a gaban teburin mutane da takunkumin korona a fuska ina ba da labarin ɗorawa: yadda furenta ja yake reto kamar tuntu, yadda muke ɗaura ƙugiya a bakin doguwar gora mu tsinko ta, yadda muke komawa gida baki rawaya Inna ta gane inda muka je ba sai ta tambaya ba, yadda gonar ta zama ta yayyena bishiyar kuma tata. Ta tambaye ni yaushe rabona da ganin mahaifiyar tawa. Na fara lissafi na kasa ƙarasawa. Hutun da zan je korona ta cinye shi, na gabansa kuma na sayar da shi na yi aiki.

Ta gyaɗa kai ta ce, "To ai daga gida ya zo." Ta juya wajen ɗanta. "Me kake jira? Duba min ita."

Ya ɗauki farantin ya kai bakin taga yana ɓarewa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙura ido a ciki. Na zaci wani aibin ya gani. Ashe ƙwari yake dubawa, don addininsu ya hana cin ƙwaro ko da ƙanƙani ne a cikin ɗan itace. Na yi ta salati a zuci, don ɗorawar da ta kwana biyu a rumbu ba a rantse mata. Ya ware biyu gefe, sauran ya ce lafiya lau. Da ya dawo ya bayyana min cewa a wannan ranar suna da al'adar neman ɗan itacen da mutum bai ci ba a shekarar, sabo a bakinsa, don a yi masa addu'a ta musamman, ta godiya ga Allah da ya raya mutum har ya kawo shi wannan lokaci. Ya ce duk rikicin neman harrub ya mantar da shi wannan, ga shi kuma abin da uwarsa ba ta taɓa ci ba tun da aka haife ta.

Na ce bari in dama mata a ruwa in ba ta da cokali, haka muke yi wa tsofaffi. Ta ce a'a, yadda yaran garinku suke ci za ki nuna min. Na sauke takunkumi, na ja da baya, na ce bismillahi na ɗauki ɗaya, na tsotse garin na tofar da kalwar a hannu. Daɗin ya kai min har ka. Ita kuma ta rufe ido ta yi addu'arta da yarensu, ɗanta ya amsa da amin, irin tamu sak. Sannan ta sa a baki.

Na zuba mata ido. Ta tsotsa, ta yamutsa fuska, ta tsotsa, ta fito da kalwar ta ajiye a gefen faranti. Ta haɗiye. Na ga maƙogwaronta ya motsa da idona.

"Yana manne wa a dasashi," ta ce. "Harrub ɗin ma ai da haƙoran nan ba zan iya tauna shi ba. Ba ni wata."

Ta ci ta biyu. Leɓɓanta suka yi rawaya, haɓarta ta yi rawaya, ɗanta ya miƙo mata madubin wayarsa ta ga kanta ta fashe da dariya har da tari. Daga nan ta ɗauki dabino, ta ɗan gutsuri ɓaure. Can ta ce wai akwai romon kazar nan da ake ta damunta da shi? Ɗanta ya tashi da gudu har ya ture kujera.

Ni kuwa na bar su a teburin. Na lallaɓa ɗakin da nake salla na kai goshina ƙasa na yi sujadar godiya, na yi kuka mai isata. Wani nauyi da na ɗauka tun ranar da ta kama wuyan hannuna ya sauka gaba ɗaya, har na ji jikina ya yi sakayau. Likita da ya zo bayan sallar ya auna tsohuwar ya ce a ƙara ba ta lokaci, daga baya kuma ba wanda ya sake ambaton roba a gidan. Amma wannan duk daga baya ne. A ranar, abin da na yi shi ne na share fuska na fita baranda na kira Inna.

Ko sallama ba ta gama amsawa ba ta ce, "Ta ci?"

"Ta ci, Inna. Ashe ma ba ɗorawa suke nema ba, wani abu ne daban."

"Ai na sani za a rina, da bakin nan naki. Amma ta ci?"

"Ta ci."

"Alhamdu lillahi. To ki ce kar su zubar min da kalwar, ba a wasa da ita."

Na koma ciki daidai lokacin da ɗan tsohuwar ya tattara kalwar da ɓawon zai kai shara. Na daka masa tsawa na ce tsaya, Yallaɓai! Ya daskare da faranti a hannu. Na faɗa musu saƙon Inna. Tsohuwar ta ce mai bishiya ta fi kowa gaskiya, a zuba a kofi a ajiye min, in na je gida in dasa ɗaya, tunda ranar dashe ce kuma ita ba ta da ƙasar da za ta dasa a nan.

Tana maganar ne da cokali a hannu, kwanon romo a gabanta yana tururi. Ta kai cokali na farko, ta kai na biyu. Sai ta ajiye ta ɓata rai, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar mun haɗa baki mun cuce ta.

"Wa ya dafa wannan? Ba gishiri ko kaɗan. Miƙo min gishirin, 'yata, kuma a ƙaro burodi."